Haƙoran Buwat

Injin ya sauka daga Kwatano naɗe da buhunan siminti,
ɗaure da igiyar guga.
A gadon bayansa an ɗora masa zugazugi na ƙarfe,
mai cusa masa iska dole, ko yana so ko ba ya so.
Alhaji Nomau ya shafa shi kamar goshin ingarma:
"Tasi'u, sa mini wanga cikin bashe.
Ayata nika so ta riga ta kowa shiga Jibiya."
Na ce, buwat fa?
Ya ce, "Shekara ashirin ba ta yi ko tari ba."

Kwana tara ta yi.
Ranar goma, bayan Ɗan Isa, da buhu talatin a baya,
giya ta uku ta ce ƙas, ta yi shiru.
Da na tsiyaye manta a tsohon kwanon sha,
sai ƙyalli, kamar an daka madubi cikin baƙin mai.
Haƙora huɗu na tsinta.
Na zuba masa su a tafin hannu, ban ce komai ba.

Ba gudu ke kashe ta ba, murɗa ce.
Tsohon inji lallashi yake, ya tura a hankali.
Wannan ko daga tashi yake kama wuyan sanda
ya murɗe, kamar mai wanki da jiƙaƙƙen bargo.

Washegari na bi layin masu kayan gyara a Sabon Gari.
Wurin Ɗan Jimo guda uku na kwance a ƙasa.
Mutanen Katsina su ce giyabos, mu mu ce buwat,
nauyin dai ɗaya ne in ta faɗo maka a ƙafa.

Ta fari ta sha fenti, har da leda.
Na kankare da farce, na ga ɗinkin walda.
Ta biyu giya biyar, sumul, marar nauyi,
ta motar ofis da ba ta san yashi ba.
Na so ta, wallahi na so ta.
Amma sandarta ba ta fi babban yatsana ba.

Ta uku na can gefe, kaza ta yi ƙwai a gindinta.
Daga cikin ƙaramar kamiyo aka ciro ta.
Giya huɗu kacal, baƙa, mummuna,
sai da muka taru mu uku kafin ta motsa.
Na buɗe murfi, na ƙirga haƙora da yatsa,
faffaɗa, ba wanda ya ci ɗan'uwansa.
Na juya sanda, na kara kunne.
Ba kuka, ba wasa.
Ɗan Jimo ya ce jika ɗari biyu da hamsin.
Muka sha shayi har zagaye na uku, ya sauko da talatin.

Bakinta bai dace da na injin ba.
Illa mai injin sassaƙa ya yanko faranti,
ya huda ramuka takwas, ɗaya ya kauce, ya sake.
Muka rage doguwar sanda da taƙi guda,
muka sa faifan kulochi mai taurin kai
wanda zai sa ƙafar hagun direba ta yi tsami kafin Tasawa.

Ran Juma'a bayan la'asar muka gangara Gulbi,
inda yashi ke haɗiye taya.
Zugazugi ya yi fito, yara suka biyo mu da ihu,
kowa na faɗin kai, wannan inji!
Ba wanda ya ambaci baƙar da ke ƙarƙashin kujera,
tana karɓar duka, tana miƙawa baya.

Alhaji na dariya, hularsa a cinya.
Ni kuwa kunnena na can wajen tayoyin baya,
inda wani sabon gurnani, siriri, ya fara.
Ƙarfin ya wuce ta lafiya.
Ya tafi neman wanda zai karya a gaba.